Mai jego daga Damagaram: wace na'urar tatsar nono zan saya kafin in koma aiki?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a unguwar Sabon Gari, nan Damagaram. Haihuwata ta fari ke nan, ɗiya mace, yau satinta uku. Ina aiki a wani ofishin aika kuɗi mai zaman kansa, ina zaune gaban jama'a tun ƙarfe 8 na safe har la'asar, kuma hutuna zai ƙare in ta cika wata biyu. Burina in ba ta nonona zalla har wata shida, kamar yadda aka faɗa mana wurin awo. Na ga wata na'urar tatsa a Facebook wadda ake sawa cikin rigar mama, babu tiyo babu waya, mace na aikinta ita kuma tana tatsa. Masu sayarwa a WhatsApp sun turo min kala-kala, wata jaka 15, wata ta haura jaka 100, kowa na rantsuwa tasa ce ta asali. Maigidana ya yarda zai biya, amma ya ce sau ɗaya zai saya. Uwar mijina kuwa, wadda za ta riƙe min yarinyar, ta ce ita ba ta taɓa jin an tatsi mutum ba, kuma nonon da ya bar jiki ya lalace. Wacce zan saya? Kuma me zan ce wa Hajiya?

Mai jego, Sabon Gari

Wa'alaikumus salam ƴata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana ita bisa imani, ya ba ki lafiyar shayarwa. Na ji daɗin wasiƙarki, don niyyar da kika ɗauka mai kyau ce kuma tana yiwuwa, ko da aikin ofis, ko da zafin garinmu.

Ga amsata a taƙaice kafin in warware miki ita: kada ki saya a wannan satin, kuma in lokacin saye ya zo kada ki zuba kuɗin duka a kan na'urar. Ki ɗauki matsakaiciya wadda ta dace da girman kan nononki, wadda kuma za ki iya samun robobinta na canji, sauran kuɗin ki kashe su a kan abin da zai sanyaya nonon bayan ya fito. A Damagaram wannan na biyun ya fi na'urar kanta muhimmanci.

Dalilin da ya sa na ce ki dakata shi ne yadda jiki ke haɗa nono. Mama ba ta da wani adadi da aka yanka mata. Gwargwadon yadda ake kwashe abin da ke cikinta, gwargwadon yadda take ƙara yin wani. Tsotson jariri ne ke tayar da sinadarin furolaktin mai sa a yi nonon, da sinadarin oksitosin mai matso shi ya zubo. A sati huɗu zuwa shida na farko jikinki yana koyon yawan abin da wannan yarinyar ke buƙata, kuma babu injin da ya kai bakinta iya koya masa. Ki bar ta ta sha duk sanda ta nema, dare da rana, sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya ba abin mamaki ba ne a wannan shekarun. In kika shigo da inji tun yanzu ba tare da larura ba, ko dai nonon ya yi yawa har mama ta riƙa kumbura tana ciwo, ko kuma ki riƙa duban ɗan abin da ya fito cikin kofi hankalinki ya tashi ki ce ba ki da nono, alhali kina da shi. Larura daban ce: jaririn da aka haifa bakwaini, ko wanda bai iya kama mama ba, uwarsa tana tatsa tun ranar farko, amma wannan a hannun ma'aikatan lafiya yake, kuma ba da irin na'urar da kike magana ake farawa ba.

Abin da za ki koya a waɗannan kwanaki shi ne tatsa da hannu. Kada ki raina shi. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɗan shafa mamar a hankali, ki ɗora babban yatsa a sama da manuni a ƙasa, a bayan baƙin da'irar da ke kewaye da kan nono, ki danna ciki wajen ƙirji, sannan ki matse ki saki, ki matse ki saki, kina zagaya yatsun. Ba a jan kan nonon, ba a murza fata. Da farko ɗigo-ɗigo zai zo, daga baya ya yi tsartuwa. In kin je awo ki roƙi ungozomar asibiti ta nuna miki da hannunta, ko a cibiyar lafiya ta unguwarku ko a asibitin uwa da yara. Ranar da batir ya mutu kina ofis, ko wata ƴar roba ta ɓace, hannun nan ne zai fitar da ke.

Yanzu ga na'urar. Irin wadda ake sawa cikin riga ba ta daɗe a duniya ba. Kamfanin Willow na Amurka ya nuna tasa a 2017, Elvie na Ingila ya fito da tasa a 2018, kuma mai guda biyu wajen dalar Amurka 500 aka riƙa sayar da ita. Daga baya kamfanonin Sin irin su Momcozy suka shigo da masu sauƙin kuɗi, sannan kasuwa ta cika da waɗanda ba su da ko suna. Dukkansu gini ɗaya ne: ɗan inji mai batir a sama, kofin tara nono a ƙasa, mazurari mai zama a kan mama, da wasu ƴan robobi biyu masu sa iska ta ja. Ga mace mai irin aikinki amfaninta a fili yake. Ƙarƙashin hijabi ko babban mayafi ba wanda zai san tana jikinki, hannuwanki biyu suna kan aiki, ba ki neman ɗaki ko soket. Ni ban ga laifin sha'awar da kika yi mata ba.

Sai dai masu talla ba za su faɗa miki rauninta ba. Injinta ƙarami ne, kuma mata da yawa suna ganin ba ta kwashe mama tas kamar bakin jariri ko babbar na'ura mai tiyo. Da yake a rufe take cikin riga, ba ki ganin ko kan nonon ya zauna daidai tsakiyar mazurari, kuma ba ki iya taimaka mata da matsa mamar da hannu. In ta karkace kaɗan, sai ki yi minti 20 kina jin tana ja, ki buɗe ki tarar da ɗan cokali biyu. In aka yi ta haka kwana da kwanaki, mama ba ta kwashewa, jiki sai ya ɗauka ba a buƙatar nono da yawa, ya rage. Shi ya sa nake ce wa mata su ɗauke ta a matsayin mataimakiya ta awannin ofis kawai. Da kin dawo gida, da dare, da asuba, da ranakun hutu, yarinya ce a mama. Kuma yawancinsu suna zuba in an sunkuya, saboda akwai ƴar kafa a saman kofin. Ba za ki yi ruku'u da sujada da ita ba, ba za ki hau kabu-kabu da ita tana aiki ba. Ki cire, ki juye, sannan ki yi salla.

Abu na farko da za ki duba wurin saye, kafin suna, kafin farashi, shi ne mazurarin. Kamar takalmi yake: komai tsadarsa, in ba lambarki ba ce ciwo zai ji miki. Yawancin na'urori suna zuwa da mazurari mai faɗin milimita 24, wasu 27 ko 28, kuma mata da yawa kan nononsu bai kai haka ba. In ramin ya yi faɗi, yana zuƙo har da baƙin da'irar cikin bututu, wurin ya kumbura, nono ya ƙi fita sosai. In ya yi ƙunci, kan nonon yana gogar gefe, ya yi ja, ya tsage. Awon ba wuya. Ki sami rula ta ƴan makaranta mai milimita, ki auna faɗin kan nonon daga gindinsa, ban da baƙin da'irar, kafin ki shayar ko ki tatsa, lokacin da bai kumbura ba. Ki auna duka biyun, don sau da yawa dama da hagu ba ɗaya ba ne. Kamfanoni sukan ce a ƙara milimita kaɗan a kan abin da aka samu, kowanne da nasa jadawalin a takardar cikin kwali. Masu kyau suna zuwa da ƴan robobin da ake cusawa cikin mazurari su rage faɗinsa zuwa 21, 19, 17 ko 15. Ki tambayi mai sayarwa kai tsaye: wane girma ne a ciki, kuma akwai robobin ragewa? In ya ce miki ai kowace mace tana yi mata daidai, ki bar shi, bai san abin da yake sayarwa ba. Alamar kin dace ita ce kan nono yana shiga yana fita ba ya gogar gefe, babu zafi, kuma bayan kin gama mamar ta yi laushi. Ki sake awon bayan wata ɗaya ko biyu, girman yakan canza.

A nan ma zan ja kunnenki game da ƙarfin ja. Za ki ga ana talla da lambobi, wannan tana da mataki 9, waccan 12. Yawan mataki ba shi ne yawan nono ba. Na'ura mai kyau tana da salo biyu: ja mai sauri marar ƙarfi na farko wanda ke kiran nono, kamar yadda jariri ke fara tsotso, sai ja mai nisa a hankali in ya fara zuba. Ki ƙara ƙarfin har inda kika fara jin ba daɗi, sai ki koma baya mataki ɗaya. Zafi yana hana oksitosin aiki, don haka macen da ta cije ta kai injin ƙarshe nononta raguwa yake yi.

Na biyu, kayan canji. Cikin kofin akwai wata ƴar roba mai kama da bakin agwagwa, da wani faifan roba mai laushi. Su ne ran na'urar, kuma suna saki da amfani da tafasawa. Mai tatsa kullum takan canza bakin agwagwar bayan wata ɗaya zuwa uku. Da ta saki, injin zai ci gaba da ƙara amma ja ya mutu, mace ta ce na'ura ta lalace ko nononta ya ƙafe, alhali roba ce ta ƴan kuɗi kaɗan. Tunda kayan nan daga Kano ko Yamai ko Sin suke zuwa mana, kuma maigida ya ce sau ɗaya zai saya, ki sa a haɗo miki da bakin agwagwa huɗu ko shida da faifai biyu a cikin sayen farko. Wannan ne ma ya sa ban so ki ɗauki marar suna: ranar da kika nemi robarta ba za ki san me za ki ce a kawo miki ba. Ki nemi wadda ke da sunan kamfani da lambar samfuri a jikin kwali da jikin injin, kwalin a liƙe, da takardar bayani da Faransanci ko Turanci, kuma an rubuta robar ba ta da BPA, wani sinadari da ake gudu a kayan jarirai. Ki tabbata faifan nan yana raba nono da injin, yadda ruwa ba zai shiga inda ba a iya wankewa ba. Araha ba ta ado, amma mai jaka 100 ɗin ma ba dole ba ce: abin da ake ƙara biya a kanta galibi shi ne haɗa ta da manhajar waya da ƙarancin ƙara, kuma nonon bai san da manhaja ba. Kafin ki biya, ki leƙa farmasi biyu ko uku na cikin gari ki ce kina neman tire-lait, sunan na'urar tatsa ke nan da Faransanci. Ko ba su da ta cikin riga, za ki ga ta hannu mai sauƙin kuɗi, kuma wanda ke da shago ya fi wanda lambar waya kaɗai gare shi sauƙin komawa in abu ya ɓaci.

Kada ki karɓi ta aro, kada ki sayi wadda wata ta yi amfani da ita, ko da ƴar uwarki ce. An yi su ne don mace ɗaya, kuma batirin tsohuwa ya riga ya gaji.

Sauran abubuwan ba su da wuyar dubawa. Kofunan sukan ɗauki mililita 120 zuwa 180, kuma kowanne ya ishe ki. Batir ya zama mai iya tatsa huɗu ko biyar kafin ya nemi caji, mai caji da irin wayar USB ta salula, yadda ƙaramin batirin ajiya ko sola zai cika shi ranar da babu kuran. Kada ki bar injin a rana ko cikin akwatin babur, zafi yana kashe batir. Ki sa a kunna miki ki ji ƙararta, tunda gaban mutane kike zama. Guda ɗaya ko biyu? In kuɗin ya kai, biyu sun fi, don tatsar mama biyu lokaci ɗaya tana rage rabin lokaci kuma takan fi fitar da nono. In bai kai ba, gara guda ɗaya mai kyau da biyu marasa suna. Rigar mama kuma ki nemi mai miƙewa, wadda za ta riƙe kofin ya manne ba tare da ta danne ki ba, marar ƙarfe a ƙasa. Matsatstsiyar riga tana toshe hanyoyin nono.

To, nono ya fito, yana cikin kofi, ƙarfe 11 na safe, watan Afrilu. Ina za shi? Wannan ita ce tambayar da hotunan talla ba sa amsawa, don an ɗauke su ne a ƙasashen da ke da sanyi da wutar da ba ta yankewa. Ƙa'idar da hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayar ita ce: nonon da aka tatsa yana zama awa 4 a ɗaki in zafin ɗakin bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firigo, wata 6 a daskare, awa 24 a cikin kula mai ƙanƙara. Ki lura da digiri 25 ɗin nan. Mu nan a bazara, Afrilu da Mayu, zafi yana kai 40 har ya wuce. Awa huɗun ba tamu ba ce sai a ɗaki mai na'urar sanyi ko a tsakiyar hunturu. Don haka da kin gama tatsa, kada ki bar nonon a kofin yana ɗumi a jikinki. Ki juye shi nan take a ƙaramin mazubi mai murfi da kika tafasa, ki rubuta ranar da lokacin, ki sa shi a firigon ofis in akwai, ko a ƴar kularki mai ƙanƙara. Ƙaramar kula mai kyau da robobin ƙanƙara huɗu, biyu suna aiki biyu suna daskarewa, su ne sayen da ba zan yarda ki tsallake ba. In gidanku babu firigo, ki shirya da mai sayar da ƙanƙara na unguwa tun yanzu. Ƙullin ƙanƙarar leda yana yi, muddin mazubin a rufe yake ruwan bai taɓa nonon ba. Gindin randa yana rage zafi, amma bai kai firigo ba, kada a lissafa shi da kwana.

A firigo ki sa shi can ciki, ba a jikin ƙofa ba. In kuran ya ɗauke, firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa 4. In ya wuce haka ki mayar da nonon kula da ƙanƙara. Saboda yadda wuta take a garin nan, ban ba ki shawarar tara nono mai yawa a daskare kamar yadda kike gani matan waje suna cika firiza ba. Na yau ya zama na gobe, da ɗan ragowa na kwana ɗaya don tsaro, ya wadatar. Ki zuba shi kaɗan-kaɗan, mililita 60 zuwa 90 a kowane mazubi, don abin da yarinya ta fara sha ta rage ba ya wuce awa 2, sai a zubar. Wanda ya narke daga daskarewa a sha shi cikin awa 24, kuma ba a mayar da shi ya sake daskarewa.

Sai ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san abin da nake nufi. Garin a kan dutse yake zaune, kuma akwai unguwannin da in famfo ya yi shiru sai ƴan ga-ruwa. Na'urar nan kuwa duk tatsa ɗaya sai an warware ta an wanke duk abin da nono ya taɓa: kofi, mazurari, bakin agwagwa, faifai. Ki ware mata roba tata ta wanki da ɗan buroshi nata, ba wanda ake wanke kwanonin miya da shi ba. Sabulu da ruwa mai tsabta, a ɗauraye, a kife a kan tsumma mai tsabta ta bushe da kanta, a rufa mata wani abu mai shan iska saboda ƙura da ƙudaje. Sau ɗaya a yini ki tafasa robobin minti 5, musamman yanzu da yarinyar take ƙarama, bayan kin duba takardar kamfanin kin ga waɗanda ke jure tafasa. Injin kansa ba ya shiga ruwa, gogewa ake yi. Ba tsoratar da ke nake yi ba, amma a 2023 CDC ta ba da rahoton wani jariri bakwaini a Amurka da ya rasu sakamakon ƙwayar cuta mai suna Cronobacter, kuma an gano ƙwayar a jikin kayan tatsar da ake wankewa a gida. In kin san ofishinku babu wurin wanki mai kyau, ki sayi kofi da robobi saiti biyu, ki yi amfani da kowanne sau ɗaya, ki ƙulle a leda mai tsabta ki wanke a gida. Wannan ma ya shiga lissafin maigida.

Akwai wani haƙƙi da kike da shi wanda zai rage miki rabin wahalar, kuma mata da yawa ba sa nemansa. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba mace mai aiki hutun haihuwa na sati 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, sannan ta ba ta hutun shayarwa da bai wuce awa ɗaya ba a kowace ranar aiki har ɗanta ya cika wata 12. Ki je ki zauna da shugabanku tun kafin ranar komawa, cikin ladabi, ki nemi a haɗa miki wannan awar da hutun azahar. Damagaram ba Yamai ba ce wajen nisa. In ofishinku cikin gari yake, za ki iya zuwa gida ki shayar ki dawo, ko a kawo miki ita. Ga lissafin: jariri tsakanin wata 1 da wata 6 yakan sha kusan mililita 750 a kwana ɗaya, wato kamar 30 a kowace awa. Awa 8 ba ki nan, kusan 250 ke nan, abin da za ta sha sau uku. In kin shayar kafin ki fita, kin shayar da azahar, kin shayar da kin dawo, abin da Hajiya za ta ba ta bai wuce sau biyu ba, ke kuma tatsa biyu ce a ofis, ɗaya da hantsi ɗaya bayan azahar, minti 15 zuwa 20 kowacce. Kada dai mama ta wuce awa 3 zuwa 4 ba a kwashe ta ba.

Ki sa na'urar ta iso hannunki wajen arba'in. Daga nan kina da sati biyu na gwaji. Sau ɗaya a rana, da safe bayan yarinya ta sha, lokacin da nono ya fi yawa, ki gwada gaban madubi kina ganin yadda kan nonon ke zama. Kwanakin farko kina iya samun cokali biyu ko uku kacal, kuma hakan daidai ne, tunda ta riga ta sha rabonta. In kin cire na'urar ki ƙarasa da hannu minti biyu ko uku, za ki yi mamakin abin da ya rage. Ma'aunin ko tana ƙoshi ba kofin ba ne, fitsarinta ne, sau 6 ko fiye a kwana, da nauyinta a katin awo.

Yanzu Hajiya. Ina roƙonki kada ki tunkare ta da "likita ya ce". Matar da ta yarda ta riƙe miki jaririya awa takwas kullum ta yi miki abin da kuɗi ba sa saya, kuma tsoronta ba na banza ba ne: a zamaninta, babu firigo babu kula, nonon da ya bar jiki a wannan zafin lallai lalacewa yake yi. Ki fara da ba ta gaskiyarta a kan wannan, sannan ki nuna mata abin da ya canza. Ki bar ɗanta ya fara yi mata maganar, daga shi za ta fi sauƙin karɓa, kuma ki roƙe ta ta raka ki awo ta ji daga bakin ungozoma. Ki tuna mata ayar Suratul Baƙara, ta 233, da ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Ki ce mata abin da kike gudu shi ne aiki ya sa jikarta ta koma madarar gwangwani tun tana wata biyu, da kuɗinta da gudawar da ke biyo bayan haɗa ta da ruwan da ba a tabbatar da shi ba. Ba na jin akwai kakar da za ta zaɓi gwangwani a kan nonon uwa in an shimfiɗa mata zancen haka.

Ki nuna mata tun kuna tare cewa nonon da ya kwana a sanyi yana rabuwa, maiƙo a sama ruwa-ruwa a ƙasa, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi. In ba ta sani ba za ta ce ya tsinke ta zubar. Juya shi ake yi a hankali ya haɗe. Wanda ya lalace warinsa tsami ne, ba ya ɓoyuwa. Ba a ɗora shi a wuta, ba a tafasa shi. Mazubin ake tsomawa a kwanon ruwan ɗumi, a ɗiga a bayan hannu a ji. Wajen ba ta kuma na fi son ƙaramin kofi a kan bibiro, don kofi ya fi sauƙin wankewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma shi take koyarwa: a zaunar da yarinya a cinya, a kai bakin kofin leɓenta har nonon ya taɓa, a bar ta ta lasa da kanta, ba a ɗura mata. Tsofaffinmu sun iya wannan da ludayi da cokali tun kafin a haife mu, don haka ki bar Hajiya ta zama gwanar wannan ɓangaren.

Inda za ku fi kai ruwa rana shi ne ruwan sha. Rana ta take, yarinya ta yi kuka, ke ba ki nan, tausayi zai sa a ba ta ruwa ko bauri. Wannan ne ke karya shayarwa zalla a yawancin gidajenmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jariran Nijar ƴan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ɗinsa ruwa ne, ya ishe ta ko a bazara. Hanyar da ta fi aiki ita ce ki bar wa Hajiya ƙarin ɗan mazubi guda, ki ce mata wannan na ƙishirwa ne. In hannunta yana da abin bayarwa, ba za ta nufi randa ba.

In gidan naku babban gida ne mai wasu jarirai, ki yi wa mazubanki alama, kuma kowa ya san na wane ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, nonon mace in ya isa cikin yaron da bai wuce shekarun shayarwa ba, ko da ɗura aka yi masa ba tsotsa ya yi ba, ko da sau ɗaya ne, yana ƙulla ƴan'uwantakar shayarwa mai haramta aure. Kada wata ta ga ɗan kishiya ko ɗan maƙwabciya yana kuka ta ba shi da kyakkyawar niyya ba tare da an sani ba. In hakan ta faru, a sanar da iyayen duka biyu, a kuma tambayi malami.

Ki kula da jikinki. In kin ji wani wuri a mama ya yi tauri yana ciwo, ki ajiye na'urar, ki sassauta riga, ki ci gaba da ba yarinya wannan mamar, ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki murza da ƙarfi. In zazzaɓi ya shigo, ko wurin ya yi ja ya ɗau zafi, ko kwana ɗaya ya wuce babu sauƙi, ki tafi asibiti ranar, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Haka in kan nono ya tsage yana jini, ko kin ga fitsarin yarinya ya ragu, ko nauyinta ya tsaya.

Ga abin da za ki kai wa maigida a rubuce, tunda saye ɗaya ne: na'ura matsakaiciya mai suna, da robobin rage mazurari daidai awonki, da bakin agwagwa da faifai na canji, da saitin kofi na biyu, da ƙaramar kula da robobin ƙanƙara, da ƙananan mazubai masu murfi guda shida, da rigar mama biyu masu miƙewa. In kuɗin bai ɗauki duka ba, na'urar za a rage wa daraja, ko a koma ta hannu daga farmasi, amma kula da mazubai suna nan. Awon kan nonon ki bari sai yarinya ta kusa wata ɗaya, sannan ki ba da saƙon. Ki gaishe min da Hajiya da kyau, ki shafa min kan ɗiyata.